Yadda muka mayar da yaran ambaliyar Maiduguri makaranta a nan Jos

Ranar Talata 10 ga Satumba 2024 da asuba ina kan sallaya ko lazimi ban gama ba wayata tayi ƙara, na duba naga Yaya ce daga Maiduguri, take gabana ya faɗi don bata saba kira a irin wannan lokacin ba. Abinda na iya ji kawai "ruwa ya shigo mana, ku saka mu a addu'a" sai ihun yara a bayanta, layin ya katse. Ban sake jin muryarta ba sai bayan kwana uku. A Gwange take aure, kuma Gwange na cikin unguwannin da suka fi jin jiki lokacin da madatsar ruwan Alau ta ɓalle a daren nan, kogin Ngadda ya tumbatsa ya shigo gari, ya shiga kasuwar Monday, ya kai har fadar Shehu, ya shiga asibitin koyarwa, gidan zoo ma bai tsira ba har aka dinga jan kunnen mutane akan kadoji da macizai. Manya sukace rabon da su ga irinsa tun 1994. Kun dai ga bidiyoyin, ba sai na maimaita ba.

Ni kam ruwa ba baƙona bane. A unguwar Rikkos ta nan Jos aka haife ni, kuma ina budurwa a gidanmu lokacin da akayi ambaliyar watan Yuli 2012, farkon azumi ne, daren Lahadi, akayi ruwa kamar da bakin ƙwarya madatsar Lamingo ta cika ta batse, ruwa ya biyo rafi ya share gidajen dake bakinsa a Rikkos da Gangare, sama da mutum 30 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Mu Allah ya kuɓutar da rayukanmu amma ko tsinke bamu fita dashi ba. A ajin wata firamare muka zauna, kuma tsakani da Allah an kawo taimako, shinkafa, tabarmi, barguna, bokitai, gidan sauro, babu abinda zamu ce sai Allah ya saka. Amma a duk masu zuwan nan babu wanda ya taɓa tambaya yaron nan ajinsa nawa. Ƙanina yana aji biyu na ƙaramar sakandare a lokacin, littattafansa da yunifom ɗinsa sun bi ruwa, jarin Baba ya bi ruwa, Satumba tazo aka koma makaranta akace bari dai a samu wajen zama tukuna, Janairu tazo akace sai sabuwar shekarar karatu, kafin ka ce kwabo yaro ya fara bin wani bakanike a Dilimi, shikenan karatu ya tafi kenan har yau. Babu ranar da wani ya zauna yace mun cire shi daga makaranta, haka nan abin ya sulale.

Shiyasa da Yaya ta iso Jos da yaranta uku bayan kamar kwana goma, sun biyo ta Damaturu da Potiskum da Bauchi a motar haya da aka tsawwala kuɗinta saboda a farkon watan ne fetur ya haura naira 800, mijinta ya tsaya can yana kwashe taɓo daga gida da shago, tun kafin su gama cin abinci na tambayi yaran ajinsu. Yaya ta harare ni tace "ke dai Allah ya shirye ki, ki bari su huta mana". Babbar tana aji uku na ƙaramar sakandare, na tsakiyan namiji yana aji biyar a firamare, Auta kuma a satin da ruwan yazo ne ma aka ɗinka mata yunifom ɗin aji ɗaya, sau biyu ta saka.

Da farko nawa uku kawai nake tunani. Sai a Islamiyyarmu ta matan aure wata tace ai itama ƙanwar mijinta tazo da yara huɗu daga Fori, wata tace maƙwabtansu a Unguwar Rogo sun yi baƙi, ashe mutanenmu na Jos da yawa suna da dangi a Maiduguri, auratayya da kasuwanci sun daɗe da haɗa mu. A ranar muka buɗe guruf a WhatsApp, mu goma sha wani abu, kuma abu na farko da na roƙa shine kar mu shiga harkar shinkafa. Ba wai don abinci ba shi da amfani ba, a'a, sai don shi kowa na tunawa dashi, masallatai na tarawa, 'yan kasuwa na tarawa, gwamnati da ƙungiyoyi duk can suka nufa. Mu makaranta kawai, da abinda zai sa yaro ya iya zama a aji. An ɗan yi gardama, wata Hajiya tace yaron da bai ci ba ina shi ina karatu, nace gaskiyarki Hajiya, toh mu saka kuɗin tara a ciki amma a tsaya nan.

Maganar inda za a dinga tura kuɗi ce ta fara bamu ciwon kai. Wata 'yar boko a cikinmu tace mu yi rajista mu buɗe akawun da sunan ƙungiya don kar a zarge mu. Muka tambayi wani lauya ɗan unguwa ya zayyano mana, sai an yi rajistar amintattu a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, a buga sanarwa a jarida, a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi, bayan nan banki zai nemi takardar SCUML, wato ta sashen dake sa ido kan halasta kuɗin haram, ga kuɗin lauya ga na jarida. Muka lissafa muka ga kuɗin rajistar kaɗai zai saka yara da dama a makaranta, ga zangon farko yana ta tafiya. Sai muka haƙura. Abinda mukayi shine malamarmu ta Islamiyya ta bada wani akawun ɗinta da bata amfani dashi, katin ATM yana hannun wata daban, littafin lissafi yana hannuna, duk alat ɗin da ya shigo a ɗauki hotonsa a saka a guruf a ranar, duk abinda aka kashe a saka hoton rasit, in abin ba mai rasit bane kamar gwanjo toh mutum biyu zasu je tare. Ciki da gaskiya wuƙa bata huda shi, amma duk da haka sai da aka samu wadda tace wai na canza labule a ɗakina. Labulen nan tun bikin ƙanwata yake wallahi, wanke shi kawai nayi.

Sai ɗaukar sunaye. Gida gida muka bi ni da malama, da littafi mai layi na naira ɗari biyar, sunan yaro, shekarunsa, ajin da yake a can, sunan makarantarsa, wa yake riƙe dashi a nan, da lambar wayar uwa ko uba. Mun samu yara 19 a gidaje bakwai. Mai unguwa ya taimaka sosai don shi ya san waye baƙon gaske waye ya ji ana rubuta suna ya turo nasa, kuma an turo ɗin. Wata mata ta kawo yara biyu tace daga Maiduguri suke, malama ta tambayi ƙaramin wace unguwa kuke, yace Gangare. Dariya ta kusa kuɓuce min amma da na kalli ƙafar yaron ba takalmi sai jikina yayi sanyi. Marayu ne, ubansu ya rasu shekara biyu kenan, basa zuwa ko'ina. Matar ta fashe da kuka tace "Anti don Allah sai ruwa ya ci mutum sannan za a gan shi? mu da muke nan kullum kuna wuce mu". Ban samu amsar bata ba. Daren nan guruf ya kama da wuta, masu cewa kuɗin mutane amana ne da sunan ambaliya aka karɓa, da masu cewa ai maraya maraya ne. Daga ƙarshe muka je wajen limamin masallacin layinmu, yace kuɗin da aka bayar da sunan 'yan ambaliya a kashe shi akansu, in muna son ƙara wasu mu fito fili mu faɗa wa masu bayarwa tukuna. Haka mukayi, muka buɗe shafi na biyu a littafin, yara biyar 'yan unguwa suka shiga, wanda yake so ya rubuta "na gida" in ya turo kuɗi.

Makaranta kuma, toh nan ne na san ban san komai ba. Ni a tunanina zaka kai yaro ne kawai a rubuta sunansa tunda dokar ilimin bai ɗaya (UBE) ta 2004 ta ce daga aji ɗaya na firamare har aji uku na ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole. Hedimastan firamaren da muka fara zuwa mutumin kirki ne, ya bamu kujera ya jajanta mana, sannan yace ina takardar canjin makaranta, ina sakamakon zangon da ya wuce, ina takardar haihuwa. Nace ranka ya daɗe mutanen da suka fito da kayan jikinsu cikin dare ruwa iya wuya ina zasu ga takarda. Yaya ta buɗe jakarta ta fito da wata leda, a ciki akwai takardun yaran da mijinta ya tsinto a ƙarƙashin katifa ya aiko dasu, sun manne da juna sun zama kamar ƙosai, tawadar ta narke, in ka ɗaga ɗaya sai ta yage, sunan Auta kawai ake iya gani rabi. Hedimasta ya juya ledar ya juya, yace shikenan ku je kotu kuyi takardar rantsuwa cewa takardu sun salwanta, mai unguwa ya rubuto wasiƙa ya saka hatimi, su kuma yaran zamu gwada su mu ga ajin da ya dace dasu. Makarantun can ba a maganar kiransu a lokacin, wasu ruwa ne a ciki wasu kuma 'yan gudun hijira ne a azuzuwan. Kwana huɗu muka yi muna zirga zirga tsakanin kotu da mai hoton fasfo da ofishin hukumar ƙidaya don ƙananan da ba a taɓa yi musu takardar haihuwa ba ma tun asali, kuɗin keke napep kaɗai da muka kashe a satin nan sai da na rubuta shi sau biyu don ban yarda da lissafin ba. Kuma kyautar da doka ta faɗa, eh ba a karɓi kuɗin makaranta ba, amma akwai na PTA, akwai na fayil, na bajo, na jarrabawa, wani wajen harda tsintsiya. Ɗan hakin da ka raina ne duk, in ka ninka shi sau 24 sai ya tsone maka ido.

Gwajin nan shi ne abinda har yau yake damuna. Yawancinsu sun zauna a ajinsu ko an mayar dasu baya da aji ɗaya, ba komai. Amma akwai wani yaro ɗan shekara 13 daga cikin 'yan Fori, dogo ne siriri mai shiru shiru, yace shi ya shiga aji ɗaya na sakandare a can. Aka bashi takarda ya karanta ya kasa haɗa jimla, lissafin kasuwa kam yana yinsa da ka kamar kwamfuta amma a rubuce babu. Sukace aji biyar na firamare. Yaron ya sunkuyar da kai yace "Anti don Allah kar a saka ni da yara". Ni kuma na dage, nace gara ya koma ya samu tushe, na kawo masa misalai, na lallashe shi har ya amince. A lokacin ina ganin nayi daidai.

Babbar 'yar Yaya kuma tata matsalar daban, aji uku ce, shekarar jarrabawar BECE ta kammala ƙaramar sakandare, in bata shiga rajista ba ta rasa shekara guda. Makarantar gwamnatin da muka je sukace ajin ya cika maƙil kuma basu da makinta na aji ɗaya da biyu. Wata makarantar kuɗi ta al'umma ce ta karɓe ta, shugaban yace zai yafe rabin kuɗin zango mu biya rabi da kuɗin jarrabawa, kuma daga baya da abubuwa suka lafa wani malaminta na can ya turo hoton makinta ta WhatsApp daga rajistar da ta tsira a saman kabad. Allah ya saka wa malamin nan, ko kuɗin data bai karɓa ba.

Yunifom ni na ɗinka, sana'ata ce. Muka sayo yadi a Terminus bandir guda ya fi sauƙi, ni da yarana biyu masu koyo muka kwana uku akan keke, wuta in ta zo mu yi da na lantarki in ta ɗauke mu koma na ƙafa. Kowane yaro saiti biyu, kuma na sake musu ƙafa da hannu na ninke ciki don shekara mai zuwa a warware kawai, wannan dabarar Innarmu ce. Abinda bamu saka a lissafi ba sam shine sanyi. Mu da aka haifa a Jos mun saba, amma yaran da suka taso a zafin Maiduguri, tun ƙarshen Nuwamba suka fara karkarwa, leɓe ya fashe, ƙafa tayi kaushi, tari ya kama ƙananan, Auta da safe sai ta naɗe a bargo tace ita bazata taɓa ruwa ba. Sati guda yara shida basu je makaranta ba, muka ɗauka wani abu ne ashe rigar sanyi ce babu. Muka ruga kasuwar Katako wajen 'yan gwanjo, wani dattijo da ya ji labari ya buɗe mana sabuwar dila yace mu zaɓa kafin 'yan sari su zo, siweta da safa da hular sanyi, ya rage mana kuɗi sosai ya ƙara mana guda biyar kyauta. Da man shafawa na basilin babban gwangwani kowane gida.

Akwai kuma abinda babu wanda zai faɗa maka sai ka lura da kanka. Babbar Yaya duk wata sai tayi kwana uku ko huɗu tace kanta ke ciwo bazata je ba, sai a wata na biyu na gane, na ja ta ɗaki na tambaye ta, ashe audugar mata ce babu kuma kunya bazata bari ta tambayi mijina ko ni ba tunda tana ganin a kanmu suke zaune. Muka saka shi a lissafi ga duk 'yan matan da suka kai, a littafi na rubuta shi "sabulu" don littafin maza ma na dubawa. Auta kuwa ruwan sama ne. Jos ana ruwa har cikin Oktoba, ranar farko da hadari ya haɗo tana aji aka fara yayyafi akan kwano, yarinyar nan ta haye kan benci tana ihu tana kiran Yaya, ta jiƙa kayanta, sai da malamarsu ta goyo ta har gida. Malamar ce ta bada shawara a dinga zaunar da ita kusa da teburinta, in hadari ya taso ta bata aikin goge allo ko raba littattafai. A gida kuma na tsakiyan baya barci sai da takalminsa a ƙafa, mun yi faɗa mun gaji, Yaya tace ku ƙyale shi, daren ruwan ba takalmi ya fita kwalba ta yanke shi. Sai wajen azumi ya daina da kansa.

Masu bayarwa kuma kala kala ne. Akwai mai sayar da ƙosai a bakin layinmu da take kawo naira ɗari biyar duk Juma'a a ƙulle a bakin zani, bata taɓa fashi ba har yau. Akwai ɗan unguwarmu dake aiki a Abuja da ya turo kuɗi mai kauri yace kar a faɗi sunansa. Sannan akwai wata ƙungiya, bazan kama suna ba, da suka ji labarinmu suka kira sukace zasu ɗauki nauyin yara goma. Murna kamar me. Ranar da suka zo da mota da riguna iri ɗaya da mai kyamara, sharaɗi na farko marayu kawai suke so. Nace yawancin yaran nan iyayensu na raye, dukiyarsu ce ta tafi, uban da shagonsa ya nutse a kasuwar Monday yau bashi da bambanci da wanda babu ta wajen biyan kuɗin makaranta. Sukace masu basu kuɗi marayu suke tambaya. Na biyu, a tara yaran a cire musu sabon yunifom su saka kayan da suka zo dasu, a riƙa musu jaka a ɗauki hoto. Babbar Yaya ta kalle ni, kallon nan kawai ya ishe ni. Malama tace musu cikin ladabi Alhaji a ɗauki hoton jakunkunan da rasit ɗin makaranta, yaran dai a'a. Suka bar jaka goma masu tambarinsu suka tafi, kuɗin makarantar da akayi alkawari har yau muna jira. Wasu a guruf sun ji haushina sukace girman kai ya jawo mana asara, wataƙila da gaskiyarsu ta wani ɓangaren, don da kuɗin ya zo da Janairu bata yi mana zafi haka ba.

Don Janairu kam mun ga ta kanmu. A watan farko alat har cikin dare yake shigowa, kowa na ganin bidiyon ruwa zuciya na tafasa. Zuwa zango na biyu an daina maganar Maiduguri, kowa na fama da kuɗin makarantar nasa yaran, guruf yayi tsit sai sallama da addu'ar Juma'a, abinda ya rage a akawun ko kuɗin tara na wata ɗaya bai kai ba. Kuskurenmu ne, mun kashe kusan komai a zangon farko kamar ba za a sake wani ba, da mun sani da tun farko mun raba kuɗin uku mun ɓoye kashi biyu. Abinda ya cece mu shine muka daina roƙon jama'a gaba ɗaya muka koma bin mutum ɗaya ɗaya, kai ga yaro ɗaya, naira dubu biyu ko uku duk wata, ba sai ka san fuskarsa ba amma duk ƙarshen zango zan turo maka hoton sakamakonsa da sunan a rufe. Mutane sun fi riƙe wannan, ina ga don in ka fasa ka san takamaimai akwai wanda zai zauna a gida. Ƙanina bakanike shi ya fara karɓar ɗaya, na tsakiyan Yaya, bai ce komai ba kawai yace a rubuta shi.

Da azumi ya kama a farkon Maris 2025 sai masu zakka suka fara tambaya ko ya halatta su bamu. Muka koma wajen liman, yace zakka tana da mutanenta guda takwas da aka lissafa a Suratut Tauba aya ta 60, iyayen yaran nan sun shiga cikin fakirai da miskinai babu shakka, amma a damƙa wa uwar ko uban a hannu ya zama nasu, kar mu wuce da ita makaranta kai tsaye kamar yadda muke yi da sadaka. Haka mukayi, mu kai wa uwa mu gaya mata ga zakkar wane, ga kuma abinda ake bin yaronki a makaranta. Shida sun biya a satin, ɗaya ta sayi buhun masara da maganin hawan jini. Ban ce mata komai ba, haƙƙinta ne, muka cike nata daga shafin sadaka. Bayan sallah da wata biyu sai ga ambaliyar Mokwa a jihar Neja ƙarshen Mayu, hankalin kowa ya koma can, mu ma mun tura ɗan abinda ya sawwaƙa, amma wannan karon akawun ɗinmu bai girgiza ba tunda masu wata wata suna nan.

Zuwa hutun ƙarshen shekara yara 11 sun koma Maiduguri wajen iyayensu, kowanne mun bashi fayil ɗinsa da sakamakon zango uku da takardar canjin makaranta a cikin leda mai zif, an sha mu mun warke. Babbar Yaya ta rubuta jarrabawarta ta ci, tana babbar sakandare yanzu a can, Auta da na tsakiyan suna wajena har mijin Yaya ya gama farfaɗowa. Waɗanda suka rage a littafi 13 ne harda na gida biyar.

Sai dai masu zuwa aji 12 ne. Dogon yaron nan na Fori tun tsakiyar zango na biyu ya fara fashi, 'yan ajin suna kiransa baban aji, benci ma ya yi masa kaɗan gwiwarsa na dukan tebur, malamin yace in aka ce ya tashi ya karanta sai yara su kwashe da dariya. Ni ban sani ba sai da ya kwana biyu da dainawa, don da safe yana saka yunifom ya fita kamar kowa, ashe Farin Gada yake tafiya yana tura baro wa masu sayen tumatir da kabeji, ya cusa rigar a leda. Ranar da na same shi a can yana ganina ya ajiye baron ya durƙusa ya gaishe ni, ya ciro kuɗi daga aljihu ya nuna min yace "Anti kinga na yau, Mama nake kai wa". Na tsaya a cikin taɓon kasuwar nan ina kallonsa sai naga ƙanina sak. Da na bari an saka shi a sakandaren da ya roƙa muka nema masa mai lesin da yamma, wataƙila da yana nan, wataƙila kuma da ya gudu tun da wuri, Allah kaɗai ya sani, amma ni ce na dage. Yanzu mun samu wani malami a Unguwar Rogo dake koyar da manya karatu da rubutu bayan magariba, yace zai karɓe shi ba sai ya bar kasuwa ba, in ya kama hannu a shekara sai a sake gwada shi. Sau biyu ina zuwa gidansu bana samunsa, uwar tace sai bayan isha'i yake shigowa. Ranar Asabar zan koma da daddare, ƙanina yace zai raka ni, wai shi zai fi sanin abinda zai ce masa.